An karɓi kiredit ɗina 60, amma an ce saura 45 kafin in sami digiri

Rakiya_Bx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsarin jami'o'in Amurka, musamman na jihar New York. Na kammala wata kwalejin al'umma ta shekara biyu da takardar AAS, wato takardar shekara biyu ta koyon sana'a, a fannin akanta, sannan na koma jami'a domin yin digirin BA a fannin tattalin arziki. Lokacin da na shiga an rubuto mini cewa an karɓi kiredit ɗina 60 gaba ɗaya (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, kamar yunit a gida), kuma a zango biyu da na yi a can na ƙara 30, wato ina da 90 ke nan. Tun da digiri kiredit 120 ne, lissafina shi ne saura 30. Sai ga shi shafin da ke nuna wa ɗalibi abin da ya rage masa yana cewa saura 45, kuma an ware wasu kwasa-kwasai biyar a can ƙasa, ba a sa su a ƙarƙashin kowane sharaɗi ba. Ta yaya za a ce an karɓi kwas, sannan a ƙi lissafa shi? Kuma akwai hanyar da zan bi in rage wannan adadin, ko dole sai na ƙara zango guda?

Malam_Habu

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, na daɗe ina aiki a ofishin rajista na wata kwaleji, kuma babu tambayar da masu canjin makaranta suka fi kawo mana kamar wannan. Karɓar kiredit daban, lissafa shi cikin sharuɗɗan digiri daban. Idan jami'a ta ce ta karɓa, ta amince ne cewa kin yi karatun kuma matakin jami'a ne, shi ya sa ta rubuta shi a takardar sakamakonki. Amma kiredit 120 ɗin nan a rarrabe yake: akwai darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibi zai yi, akwai na babban fanni, akwai na zaɓi, kuma kowane kashi yana da iyakarsa. Duk abin da ya yi rara bayan kashinsa ya cika, shi ne ake turawa can ƙasa inda kika gani.

A jihar New York kuma akwai wata ƙa'ida ta Ma'aikatar Ilimi ta jiha wadda nake kyautata zaton ita ce ta kama ki. Ana raba darussa gida biyu: na ilimi zalla, irin su adabi, tarihi, falsafa, harsuna, lissafi, kimiyya, tattalin arziki da ilimin zamantakewa, da kuma na sana'a, irin su akanta, gudanar da kasuwanci, talla da aikin ofis. Digirin BA sai kashi uku cikin huɗu sun fito daga ilimi zalla, wato kiredit 90. Digirin BS rabi ake bukata, wato 60. Ita kuwa takardar AAS kashi ɗaya cikin uku kawai aka wajabta mata, wato 20, domin an tsara ta ne don mutum ya fita ya kama aiki. Ki zauna ki ƙirga mana kiredit nawa ne na ilimi zalla a cikin 90 ɗin nan.

Rakiya_Bx

Allah ya saka da alheri, Malam. Na ƙirga. A cikin 60 na kwaleji, 21 ne na ilimi zalla, sauran 39 duk akanta ne da kasuwanci. A cikin 30 na jami'a kuma 24 ne, domin na ɗauki kwas biyu a sashen kasuwanci. Jimilla 45 ke nan, kuma idan 90 ake nema, ga inda 45 ɗin ya fito.

Hajiya_Maman_Sadiq

'Yata Rakiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma sa ki gama lafiya. Maganata ta fi zuwa ga iyaye da ƙanne da ke karanta wannan, waɗanda ba su kai ga zaɓen takarda ba tukuna. Tun ran gini tun ran zane. Duk yaron da ya san digiri yake nufa, to AA ko AS, wato takardun shekara biyu da aka tsara don ci gaba zuwa digiri, ya kamata ya yi a kwalejin al'umma, kuma ya daure ya kammala ta kafin ya tashi. A makarantun CUNY, wato rukunin kwalejoji da jami'o'in gwamnati na birnin New York, tun daga 2013 suke bin tsarin da ake kira Pathways, wanda ya tanadi kiredit 30 na darussan bai-ɗaya iri ɗaya a duk makarantunsu, kuma wanda ya zo da AA ko AS ana ɗauka ya gama da su baki ɗaya. Bayan waɗannan 30, kowace jami'ar shekara huɗu tana da ɗan ƙari nata. Wanda ya zo da takardar shekara biyu a hannu kiredit 6 zai yi, wanda ya zo da fiye da 30 amma babu takarda zai yi 9, wanda ya zo da 30 ko ƙasa da haka kuma zai yi 12. Ɗana ya so ya tashi saura zango ɗaya ya gama, ni da mahaifinsa muka dage sai ya karɓi takardarsa, kuma har yau ina ganin abin da ya fi ke nan, domin ko da wani uzuri ya katse masa karatu daga baya, yana da abin nunawa a wurin neman aiki.

Injiniya_Nura_HTX

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce ga fannoni da yawa, amma ba ga kowa ba. A fannin injiniya abin da ke tsawaita wa mutum karatu shi ne jerin kwasa-kwasan da kowanne sai an ci na gabansa: kalkulas na ɗaya, na biyu, na uku, fiziks, sannan darussan injiniyan da suka dogara a kansu, har zuwa aikin shekarar ƙarshe wanda galibi zango biyu yake ɗauka. Ɗalibin da ya tsaya yana cike kwasa-kwasan zaɓi don ya sami AA, alhali bai fara wannan jeri ba, zai isa jami'a da kiredit 60 amma shekara uku cur na jiran sa. Gara ya duba kundin ƙa'idojin jami'ar da zai je, ya yi abin da sashen ke nema, ya tashi da zarar kwalejin ba ta da sauran kwas da zai amfane shi. Makarantu da dama ma suna da tsarin da za a mayar da kiredit ɗin jami'a zuwa kwalejin da aka baro, a ba shi takardar shekara biyun daga baya.

A nan Texas, darussan bai-ɗaya kiredit 42 ne, kuma wanda ya kammala su a wata makarantar gwamnati, sauran makarantun gwamnati na jihar dole su karɓe su a dunƙule. Sai dai akwai wani gefen: ɗan jiha da ya zarce abin da digirinsa ke bukata da fiye da kiredit 30, jami'a tana da damar ta caje shi kuɗi mai tsada, har kamar na wanda ba ɗan jiha ba. Don haka a wurinmu tara kiredit barkatai yana taɓa aljihu kai tsaye.

Hajiya_Maman_Sadiq

Na ji bayaninka, Nura, kuma ban musa ba a kan injiniya. Amma yawancin yaranmu a Bronx aiki suke haɗawa da karatu, wasu suna tuƙi da dare, wasu suna aikin kula da tsofaffi a gidaje, kuma na ga da yawa da suka tashi ba takarda, karatun jami'a ya tsaya, suka tashi a tutar babu.

Yaro_Nima

Ina so in ƙara wani abu da bai shafi 'yar'uwa Rakiya kai tsaye ba, amma ya shafi mutanenmu da yawa, musamman sababbin zuwa. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka, wato GAO, ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗanda suka baro makarantun kuɗi na 'yan kasuwa zuwa na gwamnati kuwa, asararsu ta kai kimanin kashi 94 cikin ɗari. Ni kaina na faro ne daga irin wannan makaranta, wadda ta yi mana alkawari da baki cewa ko'ina za a karɓi karatunmu, kuma da na nemi canji kwas biyu kawai aka amince da su, domin jami'ar ba ta yarda da hukumar da ta tantance makarantar ba. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya tambayi wace hukuma ce ta tantance makarantar, sannan ya je jami'ar da yake hari ya tambaye su ko suna karɓar kiredit daga can. Rakiya, ke an karɓi naki duka, wanda hakan ya ba ki abin da za ki nemi a sake dubawa.

DanZinder

Ƙanwata, ga wata hanya da ta rage mini tafiya. Akwai jarrabawar CLEP ta hukumar College Board, wadda idan mutum ya ci ake ba shi kiredit ba tare da ya zauna a aji ba. Makin yana tsakanin 20 da 80, kuma makarantu da yawa suna karɓa daga 50. Ni da Faransanci na yi karatuna tun daga firamare a Damagaram, sai na zauna jarrabawar Faransanci, aka ba ni kiredit, kuma tun da harshe yana cikin ilimi zalla, ya shiga daidai inda kike da giɓi. Idan ba ki da Faransanci, akwai ta tarihin Amurka, ta ilimin halayyar ɗan Adam, ta ilimin zamantakewa da sauransu. Haka nan duk wanda ya yi zurfi a Larabci ya tambayi sashen harsuna ko suna da gwajin da ake bayar da kiredit a kansa.

Ga waɗanda suka zo da takardu daga gida kuma, ko daga Nijar ko Najeriya ko Ghana, galibi za a tura ku wurin masu tantance takardun ƙasashen waje irin su WES. Ku nemi tantancewar kwas-kwas, kada ku tsaya a ta takarda kawai, kuma ku sani cewa abin da suka rubuta shawara ce. Jami'a ce ke da hukunci na ƙarshe a kan abin da za ta lissafa.

Malam_Habu

Shawarar DanZinder tana da kyau, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kowace makaranta tana da jerin jarrabawoyin da take karɓa da makin da take so, wasu kuma ba sa karɓa idan ɗalibi ya riga ya yi kwas mafi zurfi a wannan fanni, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin jarrabawa. Na biyu, akwai sharaɗin zama, wato mafi ƙarancin kiredit da dole a yi a jami'ar da za ta ba da digirin. Galibi 30 ne, kuma sassa da yawa suna ƙarawa da cewa aƙalla rabin darussan babban fanni a wurinsu za a yi. Kiredit ɗin jarrabawa ba ya shiga wannan lissafi. Wasu makarantun ma cewa suke yi 30 na ƙarshe ne dole a yi a wurinsu, wanda ya bambanta da 30 kowanne.

Malama_Binta_Kano

Ina biye da ku daga nan Kano, kuma abin ya yi kama da halin da ɗalibanmu na DE suke shiga. Wanda ya zo da NCE ko ND ko IJMB ta hanyar JAMB, aji biyu ake sa shi, kuma mafi ƙarancin abin da hukumar NUC ta gindaya a digirin shekara huɗu shi ne yunit 120 ga wanda ya shigo ta UTME, 90 ga na DE. Inda suke tuntuɓe shi ne darussan GST, wato na bai-ɗaya. Jami'o'i da yawa suna wajabta wa ɗan DE ya koma ya yi na aji ɗaya, irin su Turanci da darasin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, sai yaro ya ga abokan ajinsa ba sa rajistarsu shi ma ya bari, ba zai farga ba sai an zo tattara sakamakon ƙarshe a ga sunansa cikin masu sauran kwas. Daga nan sai zaman shekara guda a kan kwas mai yunit biyu. Bambancin da na lura da shi shi ne, a wurinmu ba a bin darussan difloma ɗaya bayan ɗaya, ana yafe wa ɗalibi shekarar farko ne a dunƙule, don haka ba mu da irin wannan rara da Rakiya ke magana a kai.

Garba_Sabongari

Malama Binta, a ƙara da batun sunan ɗalibi a jerin waɗanda JAMB ta tabbatar da shigarsu jami'a. Wanda ya canja kwas ko ya canja jami'a bai gyara bayanansa a JAMB ba, zai iya gama komai amma kiran NYSC ya gagara har sai ya daidaita.

Ummi_Queens

Bayanin gida yana da amfani, amma mu dawo kan Rakiya, domin akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, wato kuɗi. Yaya Rakiya, zango nawa kika ci na tallafi? Tallafin Pell na gwamnatin tarayya iyakarsa zango 12 ne na cikakken karatu a duk tsawon rayuwar mutum. Tallafin TAP na jihar New York zango 8 ne, sai ga waɗanda ke cikin shirye-shiryen tallafa wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi irin su SEEK ko EOP da ake ba su 10. Kuma TAP ba ya lissafa kwas ɗin da ba ya cikin sharuɗɗan digirinki, ma'ana idan kika yi rajistar kiredit 12 amma 3 daga ciki sun faɗa can ƙasa inda rarar take, ba a ɗauke ki mai cikakken karatu ba. Akwai kuma ƙa'idar tarayya cewa ɗalibi ya gama kafin ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon digirinsa, wato kiredit 180 ga digirin 120, kuma waɗanda aka karɓa daga wata makaranta suna cikin lissafin, haka ma kwasa-kwasan da aka faɗi ko aka janye daga cikinsu bayan wa'adi.

Rakiya_Bx

Ummi, na yi zango shida a kwaleji saboda darussan koyon Turanci da na fara da su, ga biyu a jami'a, don haka TAP ya ƙare. Pell kuma saura zango huɗu. Wannan ne ya sa ƙarin zango guda ya dame ni, domin bambancin daga aljihuna zai fito, ga kuɗin haya, ga abin da nake aika wa gida.

Akanta_Musa

To 'yar'uwa, ni ban ga dalilin da zai sa ki dage a kan BA ba. Kina da kiredit 45 na akanta da kasuwanci. Idan kika koma digirin BS a akanta, 60 kawai ake nema na ilimi zalla, kina da 45, saura 15, kuma da yawa daga kwasa-kwasan da aka ajiye miki a gefe za su shiga cikin babban fanni. Idan makarantarku tana amfani da DegreeWorks, wato shafin da ke nuna wa ɗalibi abin da ya rage masa, akwai wurin da za ki zaɓi wani fanni ki ga yadda lissafin zai kasance ba tare da kin canja komai ba. Sannan idan kina da niyyar zama akanta mai lasisin CPA, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kiredit 150, ko da yake jihohi da dama sun fara buɗe wata hanyar ta daban, don haka rarar da kike gani asara ce a yau za ta iya zama riba. Aikin akanta kuma ba ya yankewa a wannan gari.

Malam_Lawal_NJ

Musa, ban goyi bayan a canja fanni don adadi kawai ba. Rakiya ba ta ce mana akanta take so ba, ta ce ta bar akanta ta koma tattalin arziki, kuma tabbas tana da dalilinta. Wanda zai nemi digiri na biyu a tattalin arziki ko tsare-tsaren gwamnati, darussan lissafi da ƙididdiga da zai yi a BA su ne za a duba. Ban da haka, ba kowane kwas na akanta daga kwalejin shekara biyu ne sashen akanta na jami'a ke karɓa a matsayin nasa ba. Galibi suna yarda da na share fage guda biyu, amma na matsakaicin mataki da na haraji da na binciken kuɗi sukan ce sai an sake a wurinsu, saboda a tsarinsu darussan aji uku da huɗu ne. Akwai kuma batun shekarar kundi: a makarantu da dama wanda ya canja fanni sharuɗɗan shekarar da ya canja ne za su hau kansa, kuma mai yiwuwa sun fi na da yawa. Kafin a yanke hukunci a ƙirga zanguna nawa kowace hanya za ta ci, kamar yadda Injiniya Nura ya nuna a sama.

Sani_Oakland

A Kalifoniya an yi ƙoƙarin magance wannan da doka tun 2010, inda aka ƙirƙiri takardar ADT, wato takardar shekara biyu ta masu niyyar komawa jami'a. Wanda ya same ta yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in CSU, wato wani rukunin jami'o'in gwamnatin jihar, ko da ba wadda ya fi so ba, kuma idan fannin ya yi daidai da wanda ya karanta, zai gama da ƙarin kiredit 60. Muna kuma da shafin ASSIST da ke nuna wane kwas ne ke madadin wane tsakanin kwalejoji da jami'o'in gwamnati. Abin da nake so masu ƙaura tsakanin jihohi su lura da shi shi ne yawancin jami'o'in UC, wato ɗaya rukunin jami'o'in gwamnatin Kalifoniya, ban da Berkeley da Merced, suna raba shekara ne zuwa gajerun zanguna, kuma kiredit ɗaya na gajeren zango kashi biyu cikin uku ne na dogon zango. Kwas mai kiredit 4 a can bai kai 3 ba a wurinku, kuma wannan ɗan giɓi yakan hana sharaɗi cika.

Abdul_F1

Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni da bizar ɗalibi nake, kuma na canja makaranta bara. Idan lissafi irin na Yaya Rakiya ya same ni, ya zama ranar da ke kan I-20, wato takardar da makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje mai nuna lokacin gama karatunsa, ta zo ban gama ba, mene ne abin yi? Kuma idan a zangon ƙarshe kwas biyu kawai suka rage, dole ne in cike zuwa kiredit 12?

Malam_Habu

Abdul, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka nemi a tsawaita maka I-20 tun kafin ranar ta cika, domin bayan ta wuce ba a tsawaitawa, kuma za su nemi takarda daga mai ba ka shawara a sashe da ke bayyana dalilin jinkirin. A zangon ƙarshe an yarda ka ɗauki ƙasa da 12 idan su kaɗai suka rage, amma sai jami'in ofishin ya amince tun kafin ka rage. Ka kuma lura cewa idan kwas ɗaya ne ya rage maka, kada ya zama na intanet zalla.

Rakiya_Bx

Na dawo da bayani, kuma ina godiya ga kowa. Na je wurin shugabar sashenmu da manhajar kwasa-kwasan da na yi a kwaleji. Akwai wani kwas na ƙididdigar kasuwanci da aka shigar mini a matsayin na zaɓi a ɓangaren sana'a, da ta karanta manhajar ta ga abin da suke koyarwa ne a kwas ɗin ƙididdiga na farko, sai ta cike takardar musanya ta aika ofishin rajista. Idan ya shiga, 45 zai koma 42. Na kuma gwada abin da Malam Musa ya faɗa, shafin ya nuna saura 39 a digirin akanta. Sai dai kamar yadda Malam Lawal ya yi hasashe, dole in sake akanta na matsakaicin mataki, ɗaya bayan ɗaya, kuma kwas ɗin da ke biye da su sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, don haka zango huɗu zai ci. Na tattalin arziki kuwa zango uku ne, ko biyu da karatun hutu idan na iya. Zuciyata tana kan tattalin arziki, domin aikin da nake buri shi ne na tsara manufofin raya ƙasa, amma ban rufe ƙofa ba tukuna.

Akanta_Musa

Na yarda zango huɗu ya fi uku, amma Pell ɗinki zai kai huɗun daidai, kuma kiredit 39 a zango huɗu nauyi ne mai sauƙi ga mai aiki. Kwasa-kwasai 14, wato kiredit 42 ɗin nan, a zango biyu da hutu kuwa, ina tsoron makinki ya faɗi, kuma ki tuna cewa GPA ɗin kwaleji, wato matsakaicin makinki na can, bai biyo ki ba, abin da kika samu a jami'a kaɗai ake lissafawa.

Ummi_Queens

Tun daga 2017 ana iya amfani da Pell a karatun hutun bazara, sai dai yana cin nasa kaso daga cikin zango 12 ɗin. Yaya Rakiya, tun da darussan ilimi zalla kike bukata, me zai hana ki ɗauki biyu daga ciki a kwalejin al'umma lokacin hutu, inda kuɗin ya fi sauƙi?

Malam_Habu

Ana yin haka, Ummi, amma sai da izini a rubuce kafin rajista. A CUNY ana neman sa ta ePermit, sauran makarantu kuma suna da takardarsu. Jami'o'i da yawa suna da iyakar kiredit da suke karɓa daga kwalejin shekara biyu, galibi tsakanin 60 da 70, kuma Rakiya ta riga ta kawo 60, don haka ta fara tambayar ko akwai sauran wuri. Rakiya, ki karɓi kwafin takardar musanyar nan ki ajiye, kuma ki riƙa duba shafinki har sai kin ga 42 da idonki, domin ofishin rajista abin da ke cikin kwamfuta yake bi wajen tantance masu kammalawa. Idan kin tsayar da fanni, ki nemi a zauna da ke a rubuta kwas-kwas na kowane zango har zuwa na ƙarshe, a duba waɗanda sau ɗaya ake koyarwa a shekara, a kuma duba ko jami'ar tana da sharaɗin darussan rubutu mai zurfi ko mafi ƙarancin kiredit na aji uku da huɗu, domin su ma ba sa bayyana a jimillar 120. Neman kammalawa kuma yana da fom da wa'adinsa, wanda galibi yake rufewa a farkon zangon ƙarshe.

Rakiya_Bx

Malam, zan tambayi batun iyakar kiredit ɗin kwaleji ranar Litinin in Allah ya yarda. DanZinder, don Allah ka faɗa mini ko sakamakon CLEP ɗinka kai tsaye hukumar ta aika wa makaranta, ko kai ne ka kai musu, domin ina duba ta ilimin zamantakewa da ta tarihin Amurka.